Garma da Jikin Namiji: Tarihin Lafiyar Maza Manoma a Arewacin Ƙasar Kano

1.0 GABATARWA

Manufar wannan takarda ita ce ta bi diddigin cututtukan jiki da na zuciya waɗanda suka daɗe suna addabar maza manoma a karkarar da ke arewa da birnin Kano, watau ƙasashen Ungogo da Minjibir da Gezawa da Dawakin Tofa da Bichi da Ɓagwai da Tsanyawa da Kunchi da Makoɗa da Ɗambatta, tun daga ƙarni na 19 har zuwa shekarar 2023. Da yake marubucin malamin tarihi ne, ba likita ba, takardar ba za ta shiga fagen gwaje-gwajen asibiti ba. Abin da za ta duba shi ne dangantakar da ke tsakanin aikin da namiji ke yi, da gidan da yake riƙe da shi, da irin ciwon da yake yarda ya bayyana wa jama'a.

Hujjar da za a kafa guda ɗaya ce. A wannan ƙasa, da aiki ake auna lafiyar namiji, saboda haka ba a lissafa shi cikin marasa lafiya sai ranar da ya kasa ɗaga garma. Muddin gandu na nan da ƙarfinsa, wannan ma'auni bai yi ɓarna mai yawa ba, domin in mutum ya kwanta akwai 'yan'uwan da za su shiga gonarsa. Hukuma kuwa, tun daga zamanin En'e, ta fi cin nasara a kan cututtukan da ido ke gani a fata. Da gandu ya raunana, sai aka bar namiji shi kaɗai da cututtukan da riga ta rufe da waɗanda ke cikin zuciya, kuma a wannan giɓi ne ƙwaya ta sami wurin zama.

2.0 ƘASAR DA AIKINTA

Karkarar Kano tana cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma. Baturen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a 1851, ya yi mamakin yawan gonaki da ƙauyukan da ya ratsa. A 1965 Michael Mortimore da abokin aikinsa J. Wilson suka buga nazarinsu a kan wannan yanki, inda aka shata shi da cewa shi ne duk inda mutane suka haura 350 a kowace murabba'in mil. A irin wannan wuri babu saura, babu dajin da za a sare a yi sabuwar gona. Gona ɗaya ake nomawa kowace shekara, abin da ke riƙe da ita kuwa shi ne takin dabbobi da sharar birni da jakuna ke kaiwa da rani, da itatuwan gawo da ɗorawa da aka bari a tsakiyarta, da kuma ƙarfin hannun mai ita.

Damina a nan ba ta wuce wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba. Cikin waɗannan watanni ne za a yi shuka, a yi noman firi, a yi maimai, a yi huɗa, kuma kowane aiki yana da ranakunsa waɗanda in sun wuce sun wuce ke nan. Binciken da Mortimore da William Adams suka yi a ƙauyen Tumbau na ƙasar Gezawa, wanda ya fito a 1999, ya ƙidaya yadda ake raba aiki a gidajen manoma, ya kuma nuna cewa lokacin noman ciyawa shi ne inda hannu ya fi ƙaranci. Wani abin lura kuma shi ne, a daidai wannan lokaci ne rumbu ke ƙarewa, sauro ya yi yawa, zazzaɓi ya kama gari. Watau namiji yana yin aikinsa mafi nauyi a lokacin da abincinsa ya fi ƙaranci, cuta kuma ta fi yawa. Jinyar mako uku da rani ba ta wuce a zo a yi wa mutum sannu. Jinyar mako uku da marka kuwa tana iya zama yunwar shekara.

3.0 MA'AUNIN LAFIYA DA MASU MAGANI KAFIN 1903

Bahaushe yana cewa, “Namiji barkono, sai an tauna za a san yajinsa.” Yana kuma cewa, “Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.” Tun daga ɗakin kaciya ake koya wa yaro cewa raki abin kunya ne, a filin dambe da kokawa da wajen gayya kuma a ƙara jaddada masa. Wannan tarbiyya tana da dalilinta, domin gonar da ba ta jira tana bukatar mutumin da ba ya kwanciya saboda ciwon kai. Amma ita ce kuma ta sa aka raba cututtukan maza gida biyu: waɗanda ake faɗa a zaure, kamar karaya da zazzaɓi da shawara, da waɗanda ba a faɗa sai a keɓe, kamar gwaiwa da basur da ciwon sanyi da raunin mazakuta.

Kowane irin ciwo yana da mai shi. Wanzami ke yin kaciya da ƙaho da tsaga, maɗori ke ɗora karaya, boka da mai saiwa ke ba da jiƙo da turare, malami ke ba da rubutu da addu'a, 'yan bori kuma su ji da abin da aka danganta da iskoki. Malaman jihadi ma ba su ƙyale wannan fage ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya wallafa littattafai a kan magani, daga ciki har da guda sukutum a kan basur. Malam Muhammadu Tukur, almajirin Shehu Usmanu, ya rubuta wani a kan zaman miji da iyalinsa da magungunan da ke taimaka masa. Wannan ya nuna mana cewa koke-koken da masu tallar magani ke shelantawa da lasifika a kasuwannin ƙauye tsofaffi ne ƙwarai, kuma manyan malamai ba su ɗauke su abin da ya fi ƙarfin alƙalami ba.

Amma babban maganin namiji a wancan zamani shi ne gandu. A gandu, uba da 'ya'yansa maza, har da masu aure, suna noma gona ɗaya, a ci daga rumbu ɗaya, kowane ɗa kuma a yanka masa gayauna tasa ta kansa. Maigida ne ke da alhakin ci da sha da haraji da auren fari na 'ya'ya. Idan kurkunu ya kwantar da ɗaya, saura su rufe gurbinsa. In abin ya yi yawa a kira gayya. Wanda ya sami taɓin hankali ma a gida ake riƙonsa, in ya yi tsanani a sa shi a turu ko a mari, malami ko boka yana zuwa duba shi. Bai kamata a ƙawata wannan zamani fiye da kima ba. Turu azaba ce, kuma bayin da ke noma gandayen sarauta a wurare irin su Fanisau ba su da irin wannan gata. Abin da ake nufi kawai shi ne, ɗan gandu ba ya ɗaukar jinya shi kaɗai.

4.0 ZAMANIN GYAƊA DA HARAJI, 1903 ZUWA 1960

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, hanyar jirgin ƙasa ta iso a 1911, daga 1912 kuma cinikin gyaɗa ya buɗe. Cikin 'yan shekaru, manomin Bichi da na Ɗambatta ya zama mai noma don kasuwar Ingila, harajinsa kuma da tsabar kuɗi ake karɓa bayan kaka. Ba a daɗe da fara wannan ciniki ba ruwa ya ɗauke a 1913, aka shiga yunwar da ake kira Kakalaba, wadda ta kai har 1914 ta kashe dubban mutane a Lardin Kano. Bayanta annobar mura ta 1918 ta biyo hanyar jirgi, ta fi kuwa ɗibar matasa majiya ƙarfi.

Wannan sabon tsari ya taɓa jikin namiji ta hanya biyu. Ta farko, ya ƙara masa aiki, domin gyaɗa ta hau kan gero da dawa, ba ta maye gurbinsu ba, ga kuma dakon buhuna zuwa wurin awo. Ta biyu, neman kuɗin haraji ya ƙarfafa cin rani, inda maza ke barin gida bayan girbi su tafi birni ko ma'adinan kuza na Jos ko kudu, su yi dako da ga-ruwa da gini. Masu cin rani kan kwana da yawa a ɗaki ɗaya ko a rumfar kasuwa, irin kwanan da tarin fuka da sanƙarau ke so, wasu kuma su komo gida da ciwon sanyi ko tunjere, su kai wa iyali.

Asibitin Turawa kuwa da farko don Turawa da soja da ma'aikata aka yi shi. A cikin shekarun 1920 ne En'e ta Kano ta gina asibitin birni, wanda aka sa wa sunan Murtala Muhammad daga baya, sannan aka riƙa buɗe ƙananan ɗakunan shan magani a garuruwan hakimai. Asibitin ƙashi na Dala bai samu ba sai 1959. Ga mutumin Kunchi ko Tsanyawa, zuwa asibitin birni tafiya ce ta kwanaki a kan jaki, ba kuwa wanda zai yi ta da damina. A ɓangaren taɓin hankali, dokar da aka kafa a 1916, aka sake fasalinta a 1958, dokar tsarewa ce: abin da ya dame ta shi ne mahaukacin da ke tayar da hankalin jama'a, wanda sau da yawa a wani sashe na kurkuku ake ajiye shi. Mutumin da baƙin ciki ya cinye a ɗakinsa, doka ba ta san da shi ba.

5.0 CUTUTTUKAN DA AKA YAƘA

Adalci ne a faɗi inda aka ci nasara. A cikin shekarun 1930 aka kafa mazaunin kutare a Yadakunya, cikin ƙasar Ungogo, wanda 'yan mishan na Sudan Interior Mission suka karɓi gudanar da shi daga 1937 bisa yarjejeniya da En'e. Sunan wurin kansa darasi ne ga wannan takarda, domin yana nuna cewa sai an yar da kunya ake samun magani. Da zuwan ƙwayar dafson a wajen 1950, da haɗin magunguna uku daga shekarun 1980, kuturta ta ragu ƙwarai, ko da yake ba ta ƙare ba. Agana kuwa, wadda ta bar zanzana a fuskokin kakanninmu, an tasam mata da lamba gida-gida daga 1967, aka ga ta ƙarshe a Nijeriya a 1970.

Kurkunu shi ne ya fi dacewa da zancenmu. Mutum kan sha shi a ruwan kududdufi ko tafki, cikin wasu ƙananan halittun ruwa da ido ba ya cika gani, tsutsar ta yi kusan shekara tana girma a jiki, sannan ta ɓullo a ƙafa. Da yake da damina ake shan ruwan kududdufi, da damina ta gaba take fitowa, daidai lokacin firi da maimai, ta kwantar da manomi makonni. Lokacin da aka yi ƙidayar farko ta ƙasa baki ɗaya a 1988 zuwa 1989, an sami masu ɗauke da shi fiye da 650,000. Da tace ruwa, da haƙa rijiyoyin burtsatse, da sa ido ƙauye-ƙauye, tare da taimakon Cibiyar Carter da Janar Yakubu Gowon, aka ga na ƙarshe a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar da kuɓutar Nijeriya a watan Disamba na 2013.

Idan muka dubi waɗannan cututtuka uku za mu ga siffa ɗaya ta haɗa su: ba sa ɓoyuwa. Mai unguwa yana iya ƙirga masu su, dagaci ya kai wa hakimi rahoto, ma'aikaci ya zo ya tarar da su. Ba a jira mai ciwo ya yi magana ba, jikinsa ya riga ya yi.

6.0 CUTUTTUKAN ƘARƘASHIN RIGA

Bayan farin 1972 zuwa 1974, gwamnatin Jihar Kano ta ƙarfafa shirin gina madatsun ruwa da aka faro a zamanin Gwamna Audu Baƙo. A arewacin jihar aka sami Tomas da Jakara da Gari da Watari. Alherinsu a fili yake, domin sun kawo noman rani da kamun kifi, sun rage wa wasu tafiya cin rani. Sai dai ruwan da ke kwance shekara sukutum gida ne na dodon koɗin da ke ɗauke da tsutsar tsargiya, wadda ke huda fatar mai wanka ko mai ban-ruwa ta je ta zauna a jijiyoyin mafitsara. Yara maza masu iyo, da masunta, da manoman rani, su ne suka fi shiga ruwan. Tsargiya ta zama ruwan dare har a wasu ƙauyuka ana ɗaukar fitsarin jini alamar balaga, alhali kuwa in ta daɗe tana iya lalata mafitsara da ƙoda, ta taɓa haihuwa, har ta kai ga ciwon daji. Maganinta, firazikwantel, yana da sauƙi, amma rabon da ake yi ya fi bi ta makarantun firamare, magidancin da ke tsaye cikin ruwa tun safe kuwa ba ya cikin rajistar kowa. A bakin kogin Jakara akwai ƙarin matsala, domin da ruwan kwatamin birni da na masana'antun Bompai ake shayar da lambuna.

Gwaiwa ita ce misali na biyu. Hanji ne ke zurarowa ta wata kafa a matsematsi, abin da ya fi samun maza nesa ba kusa ba saboda yanayin halittarsu, ɗaukar kaya masu nauyi da tari mai daɗewa kuma su ƙara fito da shi. Aikin tiyatarta ba mai wuya ba ne in an yi da wuri. Amma cuta ce da ake yi wa dariya, babbar riga kuma tana rufe ta. A gidanmu na ga haka da idona. Wani baffana ya yi shekaru yana ɗaure tasa da ƙyalle, ba wanda ya sani sai matarsa, kullum yana cewa sai bayan kaka. Ranar da ta murɗe masa muna tsakiyar yankan gero, a kan amalanke aka fitar da shi zuwa bakin titi. Ya rayu, amma sai da aka yanke wani yanki na hanjinsa, aka kuma jinginar da gona kafin a biya kuɗin aiki. Aikin da da tunkiya ɗaya za ta biya, sai da ya ci gona. “Ranar wanka ba a ɓoyon cibi,” amma shi sai da ranar ta zo masa a mafi munin lokaci.

Na uku shi ne hawan jini da ciwon suga, waɗanda a da ake ce musu ciwon masu kuɗin birni. Nazarce-nazarcen da aka tattara zuwa 2020 sun nuna cewa kusan mutum uku cikin kowane goma na manyan Nijeriya suna da hawan jini, kuma karkara ba ta tsira ba. Ga ma'aunin da muka bayyana a baya, wannan ciwo ba ciwo ba ne sam, tunda mai shi yana noma har ranar da zai faɗi. In ɓarin jiki ya shanye kuma, sau da yawa a ce iska ce ko jifa. Haka dattawa ke fama da tsaikon fitsari saboda kumburin wata tsoka da ke ƙarƙashin mafitsara, su yi shiru har fitsarin ya ɗauke gaba ɗaya.

A nan ya kamata a dubi tsarin asibitin karkara. Bayan taron Alma Ata na 1978, musamman a zamanin minista Olikoye Ransome-Kuti daga 1985 zuwa 1992, an shimfiɗa kiwon lafiya matakin farko a kan awon ciki da haihuwa da rigakafin yara. Wannan daidai ne, domin mutuwar mata da jarirai ita ce ta fi gaggawa. Amma sakamakon da ba a nufa ba shi ne, a idon mutumin ƙauye, ƙaramin asibiti ya zama wurin mata. Namiji kan kai matarsa ya tsaya a gindin bishiya, in nasa ciwon ya motsa kuma ya nufi kemis ko mai magani a kasuwa, inda ba a tambaya, ba a kuma cewa a tuɓe riga.

7.0 RAUNIN GANDU, DAMUWA DA ƘWAYA

Tun a farkon shekarun 1970 Polly Hill ta yi bincike a Ɗorayi, kudu maso yammacin birni amma cikin wannan yanki mai cunkoso, ta nuna a littafinta na 1977 yadda ƙarancin ƙasa ya bar magidanta da yawa da gonakin da ba za su ciyar da iyalinsu ba. Kowane rabon gado yana ƙara tsaga gona. Uban da ba shi da isasshiyar gona ba zai iya riƙe 'ya'ya a gandu ba, ba zai iya yi musu aure ba, su ma ba su da dalilin zama. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa ta gama da abin da fari ya rage na wannan ciniki. Soke haraji da jangali da Gwamna Abubakar Rimi ya yi a 1979 ya sauke wani nauyi, amma tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya kawo tsadar taki da magani, masaƙun Kano da ke ɗaukar 'yan ƙauye aiki kuma suka yi ta rufewa. Gayya ta ja baya, ƙwadago na kuɗi ya maye gurbinta. Samari da dama suka koma acaɓa, wadda ta cika gadajen Dala da masu karaya, har aka hana ɗaukar fasinja a babur a birnin Kano a watan Janairu na 2013.

Abin da bai sake ba shi ne ma'aunin. Har yanzu cikar namiji ita ce ya ciyar, ya tufatar, ya yi suna, ya aurar. Mutumin da ake auna shi da abin da ba shi da halin yi, ba kuma shi da wanda zai gaya wa, dole abin ya ci shi ta ciki. Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da lura cewa a ƙasashenmu mai ciwon damuwa ba ya cika zuwa ya ce ransa a ɓace yake. Zai ce kansa na zafi, ba ya barci, jikinsa ya mutu, wani abu na yi masa yawo a jiki, ko kuma ya kasa kusantar iyali. Sai a ba shi maganin zazzaɓi ko na basur, ya koma gida da abinsa.

Ta wannan ƙofa ƙwaya ta shigo. Kakanninmu goro da taba suka sani. Tun cikin shekarun 1970 likitoci suka fara ba da labarin ƙwayoyin hana barci da kashe gajiya, irin su amfetamin, a tsakanin manoma da leburori a Arewa. Daga baya aka sami gadagi da sholisho da maganin tari mai kodin, sannan tiramadol, wanda asalinsa maganin raɗaɗi ne mai ƙarfi, amma ake shigo da shi da nauyin da ya ninka na asibiti. Ɗan ƙwadagon da ake biya gwargwadon kunyoyin da ya nome yana shan sa ne don ya yi aikin mutum biyu, watau ƙwaya tana yi masa abin da ƙane ko wa ke yi masa a gandu. Bayan ɗan lokaci jiki ya saba, adadi ya ƙaru, farfaɗiya da rikicewar tunani su biyo baya. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, na shekarar 2018, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha ƙwaya a shekarar da ta gabace shi, uku cikin huɗu maza ne, a Jihar Kano kuma adadin ya kai kashi 16 cikin ɗari. A watan Mayu na 2018 gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi.

Ina ake kai wanda abin ya fi ƙarfinsa? Asibitin masu taɓin hankali na Dawanau yana cikin ƙasar Dawakin Tofa, a tsakiyar yankin da muke magana a kai, amma akasari ba a zuwa can sai an gaji da ko'ina. A farkon shekarun 2020 likitocin ƙwaƙwalwa a duk Nijeriya ba su kai 300 ba. Iyaye da yawa sun riƙa kai 'ya'yansu gidajen mari, har samamen da aka kai a Kaduna da Daura da wasu garuruwa a 2019 ya fito da ɗaruruwan maza da yara cikin sarƙa. Sai a watan Janairu na 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin ta 1958. Tun 1954 kuwa Farfesa Adeoye Lambo ya nuna wata hanya a Aro, kusa da Abekuta, inda majinyata ke zama a gidajen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa asibiti da rana. Tsari ne da ya fi kusa da riƙon da gandu ke yi wa mai taɓin hankali, ba tare da turu ba.

8.0 KAMMALAWA

Daga abin da ya gabata, darasin da tarihi ya bayar a fili yake. An ci nasara a kan agana da kurkunu ne domin magani ya bi mutane har gida, ta hannun dagatai da masu unguwanni da suka san kowa. Cututtukan da suka rage ba za su nuna kansu ba, kuma jiran manomi ya kawo kansa asibiti jiran gawon shanu ne. Bisa ga haka ake ba da waɗannan shawarwari.

Na farko, a daidaita aikin lafiya da kalandar noma. Awon jini da na suga da duba gwaiwa a yi su bayan kaka, lokacin da manomi ke da hali da sarari, a kuma kai su inda maza ke taruwa, watau kasuwannin mako da harabar masallatan Juma'a da wuraren rabon taki. Na biyu, rabon maganin tsargiya a garuruwan da ke gefen Tomas da Jakara da Gari da Watari ya haɗa da manya, ta hannun sarakunan ruwa da ƙungiyoyin manoman rani. Na uku, a jawo wanzamai da maɗora da limamai da masu kemis a jiki, a koya musu alamomin da ke bukatar a tura mutum asibiti, domin su ne ke jin sirrin da likita ba ya ji. Na huɗu, a horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane damuwa idan ta zo da rigar ciwon kai, a kuma ɗauki mai shan ƙwaya a matsayin majinyaci tun kafin ya kai ga mari.

Shawara ta ƙarshe tamu ce, mu malaman kwalejojin ilimi. Ɗalibanmu su ne za su koma Makoɗa da Tsanyawa da Minjibir su koyar da yaran da gobe za su riƙe garma, kuma a bakinsu yaro zai fara jin cewa fitsarin jini cuta ce mai magani. Haka kuma dattawan da suka ga agana, suka yi jinyar kurkunu, suka yi dakon gyaɗa, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ya kamata sassan tarihi da na Hausa su tura ɗalibai su ɗauki bayanansu, su tambaye su abin da ya kwantar da su, da wanda ya nome musu gona a shekarar, da abin da suka ɓoye har ya zame musu illa.